Matsin ganye na kafinta, gwaji da ciyawar ruwa

Duk ɗalibin ilimin tsirrai a Aliero ko Birnin Kebbi da aikinsa ya faɗa kan ciyawar ruwa zai buƙaci matsin busar da ganye. Na waje tsada gare shi, don haka nawa wani dattijon kafinta ya haɗa min a Argungu. Na ba shi awo, santimita 30 da 45, saboda takardar da ake liƙa samfuri a kai ba ta wuce 29 da 42 ba.

Da farko falanki guda ya so yankawa. Na ce, “Baba, tsaga-tsaga za a yi, a bar ƙofofi iska ta ratsa.” Ya ce ai ɓata katako ke nan, amma ya yi, kuma ya yi da kyau. Ba ƙusa ko ɗaya da ta leƙo, gefunan sumul, ga shi ba nauyi a kwale-kwale.

Potamogeton na gwada a ciki, wadda Sarkawa ke tsinewa idan ta cika musu taru. Ciyawa ce mai wuyar sha'ani. Ganyenta na ƙarƙashin ruwa siriri ne har haske na ratsa shi, kana fito da shi ya dunƙule kamar jiƙaƙƙen zare. Sai ka zuba ruwa a tire, ka bar ta ta baje, ka zura farar takarda ta ƙasa, ka ɗago a hankali. Ka rufa da ƙyalle mai laushi don kada ta manne wa jarida, sannan kwali, sannan matsi. A nan ƙofofin suka biya kuɗinsu: a iskar hunturu samfurin ya bushe da korensa, ba fumfuna. Ka dai nemi mai 'ya'ya, don da su ake rarrabe nau'o'inta. Kara da ganye kawai ko Forest Herbarium na Ibadan, ma'ajiyar busassun samfuran tsirrai, ka kai, ka ba masu tantancewa aiki.

Inda ya gaza maɗauri ne. Robar tayar mashin kafintan ya sa, rana na dukanta ta saki, ganyen ya yamutse a gefe. Na canja da igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya.

Da damina ban ba ka tabbas ba, sai ka riƙa canja jaridun safe da yamma. Za ka sa a yi maka, ka tafi da igiyarka.