Shagon fotokofin da nake tura ɗalibaina a Zinder, da gyaran da ya rage masa

Duk shekara da zarar sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, gidana a Garin Malam kan cika da yaran da na koyar, kowa da ambulan a hannu. Wannan zai shiga Jami'ar André Salifou, wancan yana neman tallafin karatu na hukumar ANAB, wani kuma jarrabawar ɗaukar aiki zai zauna. Kowannensu sai ya haɗa dosiye: takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙasa, takardar sakamako, hoto, wani sa'in har da takardar likita. Shago ɗaya nake tura su, wani ɗan ƙarami a kan hanyar kasuwar Dole. Ba araha ta kai ni can ba. Fotokofi dala 5 ne shafi kamar ko'ina, sikan kuwa dala 20 yake karɓa alhali akwai masu yi a dala 10. Yadda mai shagon yake riƙon takardun mutane ne ya sa na liƙe masa.

Duk mai sayen ƙosai ko gyaɗa a garin nan ya san inda kofin da ya ɓaci yake ƙarewa. Na taɓa warware takardar da aka ƙunsa mini tsire, sai na ga takardar haihuwar wata yarinya ce, da sunanta, da na uwa da uba, har da sana'ar uban. Inji ne ya ja baƙin layi a tsakiya, aka jefa gefe, aka tara, aka sayar. A wannan shagon shafin da ya ɓaci a hannunka ake danƙa shi tare da mai kyau, kuma ba a lissafa kuɗinsa. In ka ce ba ka so, a gabanka yake yayyaga shi.

Haka yake yi da abin da ya shiga kwamfuta. Yana gama tura maka sikan sai ya goge, ya buɗe kwandon sharar kwamfutar ya zubar kana kallo. Da yawa ba su san gogewar farko ba ta fitar da komai ba, kamar ka share ɗaki ne ka tara sharar a bayan ƙofa. Duk wanda ya zauna bayanka zai iya dawo da ita.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen buɗe imel. Yawancin yaran nan ranar da aka nemi adireshi a dosiye ranar suke fara mallakarsa. Na san shagunan da mai shago ne ke zaɓar kalmar sirri, ya rubuta a littafinsa, ya kuma saka lambar wayarsa a matsayin wadda za a turo wa lambobin tantancewa. Yaro ya tafi yana murna, bai san cewa wanda lambobin ke zuwa wayarsa shi ne mai adireshin na gaskiya ba, domin ko yaushe ya ga dama zai canza kalmar ya rufe shi a waje. Shi kuwa mai shagon nan lambar yaron yake sakawa, ya turo masa madannai ya rubuta kalmarsa da kansa, ya kau da kai, in an gama ya tabbatar an fita daga adireshin. Aikin kan ɗauki lokaci, masu jira su yi ta tsaki. Na ce masa, “Ƙanena, layi fa ya yi tsawo.” Ya ce, “Malama, in lambata na saka, adireshin nan nawa ne, ba nasa ba.”

A gabana wani dattijo ya roƙe shi ya rage wa ɗansa shekara 2 a kofin takardar haihuwa, saboda yaron ya riga ya wuce shekarun da aka ƙayyade a jarrabawar da yake so. Ya ce, “Baba, ka yi mini haƙuri, wannan ba zan iya ba. In kuskure aka yi wajen rubutu, gidan shari'a ake gyara shi.” Dattijon ya fita ransa a ɓace, kuma na tausaya masa ƙwarai, don na san yaran ƙauye da yawa ba sa shiga makaranta da wuri, ba kuma laifinsu ba ne. Amma takardar jabu yaron za ta bi har wurin aiki, ranar da ta tonu shi za a kora, ba uban ba.

To, sai gyaran da ya rage. Kwamfutar da ake yi wa jama'a aiki har yau Windows 7 take ɗauke da shi, wanda Microsoft ya daina aiko wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, ga kile, wato ɗan abin ajiye fayiloli, na kowa da kowa ana cusa mata safe da yamma. Wata ɗalibata ta koma gida ta tarar fayilolinta duk sun ɓuya, sai gumakan banza a madadinsu. Wannan ma da sauƙi a kan batun WhatsApp. Mai takarda a waya akan ce ya turo, kuma lambar da ake bayarwa ta yaron shago ce, wayar da yake komawa gida da ita, yake ara wa abokansa a fada. WhatsApp kan ajiye hoton da aka sauke cikin hotunan waya, saboda haka duk gogewar da maigidan ya yi a kwamfuta ba ta taɓa katin ɗan ƙasa da sakamakon gwajin jinin da ke aljihun yaro ba. Ban zargi yaron da komai ba, mai ladabi ne. Waya dai ana sace ta, ana sayar da ita, ana kai ta gyara.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a Disamba 2022, an kuma kafa hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP don kula da ita. Da na tambayi mai shagon ya ce bai san da zamanta ba. Abin da yake yi tarbiyyar gida ce da tsoron Allah. Ina fatan a riƙa bayanin dokar nan da Hausa a gidajen rediyon Damagaram, don sirrin talaka ya fi yawo a irin waɗannan shaguna fiye da manyan ofisoshi.

Da safe shagon ya fi sauƙi, musamman lokacin rajistar jami'a. In aka ɗauke wuta batirinsa kwamfuta kawai yake ɗauka, injin fotokofi sai a jira. Na roƙi mai shagon abu biyu. Allon kwamfutar da a da yake fuskantar bencin masu jira ya riga ya juya shi bango. Wayar shago ta musamman, wadda za ta kwana a kulle ana goge ta kullum, ya ce sai kuɗi sun samu. Kafin nan na gaya wa yarana kada wanda ya tura takardarsa ta WhatsApp, su ɗauki ta asali su je da ƙafarsu a yi sikan suna tsaye.