Kejin raga ko akwatin gilashi: abin da kiwon malam-buɗe-littafi ya koya mini a Sakkwato

Wa alaikumus salamu, Malam. Akwatin gilashi da kejin raga da kake shawarar sayen ɗaya daga ciki don kiwon tsutsar malam-buɗe-littafi, duka biyun sun zauna a gidana, kuma ɗayansu har yau in na tuna kuɗin da na zuba a kansa sai raina ya sosu. Ka ɗauki kejin raga, kada ka yi wata-wata.

Akwatin gilashin, irin wanda ake zuba kifin ado a ciki, shi na fara saya, domin kyansa ya ruɗe ni. A watan Afrilu ne, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, na zuba tsutsa takwas a ciki da ganyen tumfafiya na rufe. Ganye yana fitar da danshi, kashin tsutsa yana taruwa a ƙasa, iska kuma ba ta da hanyar shiga, kafin kwana uku gilashin ya yi gumi kuma fumfuna ta kama kashin. Tsutsotsin suka daina ci, suka yi baƙi, suka langwaɓe. Biyu kawai suka kai ga shiga kwanso, wato suturar da tsutsa take rikiɗa a cikinta ta zama malam-buɗe-littafi, kuma wanda ya fito da rai a cikinsu ya zamo ƙasa bai sami abin da zai kama ya hau ba saboda santsin gilashi, fikafikansa suka bushe a dunƙule kamar takardar da aka cukuikuye, bai taɓa tashi ba. Abin da zan iya faɗa na alheri game da akwatin shi ne yana da daɗin kallo, kuma yana hana ganye saurin bushewa a cikin hunturu.

Kejin kuwa ban saye shi a shago ba. Kafintan unguwarmu ne ya haɗa mini ƙashinsa da siraran katako, tsawo santimita 60, faɗi 40, da ƙafafu huɗu, tela kuma ya ɗinka masa riga ta raga mai ƙananan idanu, ya sa zif a gefe guda inda hannu zai shiga. Kuɗin aikin bai kai rabin na gilashin ba. Da damina ta zauna, cikin watan Agusta, na bi hanyar Kwalkwalawa da yamma ina ɗaga ganyen tumfafiyar da ke bakin hanya ɗaya bayan ɗaya, domin a ƙarƙashin ganye macen malam-buɗe-littafin take ajiye ƙwanta, ɗai-ɗai, fari-fari, ƙanƙane ƙwarai, bai kai ƙwayar gero ba. Na dawo da ƙwai shida a jikin ganyensu.

Wannan nau'in, mai launin ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, shi masana suke kira Danaus chrysippus, kuma irin namu na Afirka ta Yamma fikafikansa na baya farare ne. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana uku zuwa biyar, abin da tsutsar take fara ci shi ne ɓawon ƙwan da ta fito daga ciki, sannan ta koma kan ganye. Tana da zane na baƙi da fari da rawaya a gicciye, da wasu zaruruwa baƙaƙe guda shida, biyu-biyu a wuri uku na bayanta. Matakan girmanta biyar ne, tsakanin kowane biyu sai ta yi saɓa, kuma ranar saɓar takan daina ci ta lafe wuri guda, wanda bai sani ba sai ya zaci rashin lafiya ne ya kama taɓa ta, alhali taɓawar ita ce ke cutar da ita. Cikin mako biyu ko ƙasa da haka a ɗumin garin nan takan gama cinta. Dafin da ke cikin nonon tumfafiya yana taruwa a jikinta har bayan ta zama mai fiffike, shi ya sa tsuntsaye ba su cika kula ta ba.

A nan ne raga ta nuna amfaninta. Tsutsar da ta ƙoshi takan bar ganye ta hau neman wuri mai tsawo, kuma duka biyar da suka kai wannan mataki rufin kejin suka nufa, kowace ta saƙa ɗan faifan zare a jikin ragar, ta maƙale da ƙarshen jikinta, ta rataya kai a ƙasa a lanƙwashe kamar lauje. Washegari sai ga kwanso kore shar da ɗigo-ɗigo kamar na zinariya, ɗaya kuma ya fito da launin hoda. Bayan kamar mako guda kwanson farko ya yi duhu har ana hango launin fiffike ta cikinsa, na gaya wa yara cewa gobe ne. Na dawo daga sallar asuba na zauna a bakin rumfa, ƙaramar 'yata ta tsuguna kusa da ni da kofin kokonta a hannu, gari yana yin haske kwanson ya tsage. Abin da ya fito ba shi da kyan gani, ciki ne ƙato da fikafikai ƙanana a jiƙe. Ya kama ragar da ƙafafunsa ya rataya, yana tura ruwan cikinsa zuwa jijiyoyin fikafikan, muna kallo suna buɗewa suna miƙewa, kokon yarinyar har ya huce ba ta kurɓa ba. Ta ce, "Baba, ashe da gaske littafi yake buɗewa." Bayan awa biyu na zuge zif, ya hau yatsana, ya tashi ya bi ta kan katanga. Namiji ne, domin ɗigo huɗu ne baƙaƙe a tsakiyar fiffikensa na baya, mace uku take da su.

Wannan ratayar ita ce hujjata mafi girma. Malam-buɗe-littafi yana buƙatar abin kamawa da kuma fili a ƙarƙashinsa a sa'ar farko ta fitowarsa, in ya rasa su fikafikan za su bushe a karkace, kuma babu gyara bayan haka. Raga tana ba shi wurin kamawa ta kowace fuska, tana barin iska ta ratsa ta busar da kashi kafin ya ruɓe, tana kuma tare tsaka da ƙananan ƙudaje da zanzaro masu dasa ƙwansu a jikin tsutsa. Haka abin yake da babban baƙin malam-buɗe-littafin nan mai ɗigon rawaya da ke zuwa kan lemun tsami, wanda tsutsarsa tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu, daga baya ta koma koriya, in an taɓa ta kuma ta fitar da wani ƙaho mai reshe biyu mai wari daga bayan kanta. Ita dai sai ka sa mata busasshen reshe a tsaye, domin a jingine take ɗaure kanta da ɗamarar zare. In kuma faɗa-wuta kake so, irin manyan nan masu zuwa wajen fitila da dare, ka ajiye faranti mai zurfi da busasshiyar ƙasa a gindin kejin, saboda da yawa daga cikinsu a ƙasa tsutsarsu take binne kanta.

Kejin yana da nasa aiki, ba zan ɓoye maka ba. Kiyashi da cinnaka suna iya gamawa da tsutsotsi a dare ɗaya, don haka kowace ƙafa tana zaune a cikin gwangwanin madara mai ruwa, kuma kada kejin ya taɓa bango. Reshen abinci a kwalbar ruwa ake tsoma shi, a toshe bakin kwalbar da auduga, domin tsutsa takan gangara ta nutse. Ana shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa a canza ta kullum. Da bazara ko hunturu nakan rataya jiƙaƙƙen tsumma a gefe guda, in ajiye kejin a inuwa kusa da randa, ba inda rana za ta taɓa shi ba.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa maka, domin nan ne masu sayarwa suke cutar mutane. Kada ka kuskura ka yi keji da gidan sauron da ake rabawa ko ake sayarwa don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, saboda an haɗa shi da maganin ƙwari a jikin zarensa, an kuma yi shi ne yadda zai jure wanki har sau 20, don haka wanki ɗaya ko biyu ba ya raba shi da maganin. Wani mai sayarwa ya taɓa rantse mini cewa nasa ba shi da magani, ashe cire shi kawai ya yi daga ledarsa, tsutsa uku da na gwada da su ba su kai magariba ba. Ka nemi yadin raga wurin masu sayar da yadi, ko ragar taga, kuma kafin ka zuba kiwonka ka sa tsutsa ɗaya ta kwana a ciki ka gani. Masu dashen lemo ma, in ka je neman ganyen ciyar da tsutsa, sukan ce ba a fesa maganin ƙwari ba alhali an fesa, ga kuma masu tallan kwanson ƙasashen waje ta waya da suke neman a tura kuɗi tukuna. Ko kayan na gaskiya ne, da wuya su iso Sakkwato da rai a cikin zafin mota, kuma ko sun iso ba ka da ganyen da 'ya'yansu za su ci.

Ka nisanta kejin daga hayaƙin maganin sauro da na fesawa, kada kuma ganyen darbejiya ya shiga ciki, domin yana hana tsutsa saɓa. In ka tsinki tumfafiya ka wanke hannu kafin ka taɓa fuska, nononta yana yi wa ido mummunan lahani. Ka jira damina ta kankama, ka fara da tsutsa biyar zuwa shida na tumfafiya tunda abincinsu kyauta ne a bayan gari, ka kuma ce wa tela ya sa zif ɗin a gefe, ba a sama ba, domin rufin nan ne wurin ratayarsu kuma duk buɗewa za ta girgiza su.