Fentin ruwa: busasshe ko na matsi, kuma a kan wace takarda?

Wata 'yar'uwa daga cikinmu da ta shiga ajin koyon zane da fentin ruwa ta tambaya cewa, tun da kuɗin hannunta ba su taka kara sun karya ba, shin busasshen fenti na cikin akwati ya kamata ta saya ko na matsi, kuma ko littafin zane na 'yan makaranta zai wadatar da ita. Malama, ga abin da na gani bayan na yi aiki da dukkansu a nan Kano.

Asalin fentin biyu ɗaya ne, wato garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan na itacen dakwara da ake samu a Jigawa da Yobe da Borno, wanda almajirai ma ke zubawa a tawada don ta kama allo. Busasshen yana zuwa a 'yan gurabe kamar ƙananan sabulai, galibi launi 12 a akwati, kuma murfin akwatin shi ne farantin haɗa launi. Na matsi kuwa a cikin bututu yake irin na man goge baki; na ɗalibai da kamfanin Winsor & Newton ke yi da sunan Cotman ana samun sa a mililita 8 da 21. Launinsa yana fita da ƙarfi nan take, don haka ya fi wa mai shafe babbar takarda sauƙi.

Amma yanayin garinmu ya fi goyon bayan busasshen. Da hunturu, abin da kika matsa a faranti yakan ƙafe kafin ki gama fitar da siffa da fensir, kuma ko da yake ruwa na farfaɗo da shi, murfin bututun kan manne har sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi. Shi busasshen ƙura ce kawai abokiyar gabarsa, sai kuma funfuna da damina idan aka rufe shi a jiƙe. Ranar da aji zai fita zana karofin Ƙofar Mata ko Dutsen Dala, akwati ɗaya a jaka ya fi bututu 12 da faranti daɗin ɗauka.

Ki yi hattara da fentin fosta na 'yan kwalabe, wanda ake yawan miƙo wa mai neman fentin ruwa a shagunan kayan rubutu. Shi rufe takarda yake yi ruf, alhali fentin ruwa na gaskiya garai-garai yake, farin takardar ne haskensa. Ki ja layi da fensir ki shafa fentin a kai. In layin ya ɓace, ba shi ne aka ce ki sayo ba.

Inda nake so ki zuba mafi yawan kuɗinki shi ne takarda. Ana auna kaurinta da giram a kowace murabba'in mita: takardar kwafi giram 80 ce, ta fentin ruwa kuwa 300 ce aka fi amfani da ita. Na taɓa shafa shuɗin sama a siririyar takardar littafin zane, kafin in ɗaga burushi ta kumbura ta yi tudu da kwari, launin ya gangara ya kwanta a kwarin, da na goga kuma fuskarta ta fara saɓulewa kamar dusa. A cikin masu giram 300 ɗin ma akwai iri biyu. Wadda aka yi da auduga zalla, irin ta Arches ta Faransa, tana shan ruwa a hankali, tana ba ki lokacin haɗa launi da launi kafin ta bushe, abin da yake da daraja ƙwarai a busasshiyar iskar Kano. Wadda aka yi da itace ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ruwa na tsayawa a samanta, yana barin shacin gefe idan ya ƙafe. Ga mai koyo ta itace ta isa atisayen yau da kullum, kuma mai ɗan kaushi ta fi mai santsi yafe kuskure. In kin samu babban falle na auduga mai santimita 56 da 76, ki yanka shi gida 8, ki yi aiki gaba da baya. Littafin 'yan makarantar kuma kada ki yar da shi, fensir HB da 2B sun dace da shi.

Batun burushi ba mai tsawo ba ne. Na gashin dabba ya fi riƙe ruwa amma tsadarsa ta wuce buƙatar ɗaliba; na gashin roba mai tsinin baki lamba 8, da mai faɗin baki guda ɗaya, sun ishe ki zangon farko. Kafin ki biya, ki roƙi mai shago ya bari ki jiƙa shi ki kaɗa sau ɗaya, in bakin bai haɗe ya yi tsini ba, ki ɗauki wani.