Wata takwas da sa wa Mustang ɗina sabuwar konbata

Motata Ford Mustang GT ce ƙirar 2013, injin V8 mai lita 5.0, da giya mai canza kanta mai hawa shida, wadda ake kira 6R80. In ta miƙe a hanya ba ni da abin cewa, amma daga tsaye sai ta ɗan yi nauyin jiki kafin ta farka. Wannan injin ba ya kawo cikakken ƙarfin juyinsa sai ya kai juyi 4,250 a minti, ita kuwa konbatar da ta zo da motar tana kama aiki tun ana wajen juyi 2,000. An yi ta haka ne don sauƙin mai da tuƙin cikin gari.

Ga wanda bai taɓa ganin tok konbata ba, tana zaune tsakanin inji da giyabos, kamar ƙwarya biyu na ƙarfe da aka kife aka liƙe. A ciki farfela ɗaya tana watsa man giya, ɗaya tana karɓa tana juya giyabos. Ita ce ke aikin da kuloci yake yi a motar giyar hannu.

Na yi odar wata daga Amurka wadda take sakar wa inji mara har juyi 3,200, da faranti uku na kullewa, wato masu haɗe inji da giyabos kai tsaye ba sulɓi in mota ta ɗauki gudu. A Apo, Abuja, aka sa min. Ina tsaye bakanikena ya fara ɗura mata man Mercon LV, sannan ya ɗora ta a kan sandar giyabos yana juyawa a hankali yana turawa, kunnensa a kusa, har sai da ta yi ƙas ta shige sau uku. Ya ce min, "Yallaɓai, in ba ta zauna ba ka ɗaure, famfon giya ne zai tafi tun tashin farko." Bayan nan aka sake saita kwamfutar motar don ta san lokacin kullewa. Kada kowa ya tsallake wannan matakin.

Gaskiya ta biya ni. Ranar farko da na taka totur daga tsaye, sai na ji kujera ta tokare min baya, allurar juyi ta haura 3,000 kafin in ƙifta ido. A hanyar Kaduna kuwa, da zarar ta kulle, ba ka banbance ta da ta asali, shan mai ma kusan ɗaya ne.

Matsalar tana cikin gari. Konbata mai sakin inji da yawa tana sulɓi da yawa, sulɓin nan kuma zafi yake zama a cikin mai. Man giya ya fi son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95, in ya doshi 120 yakan fara ƙonewa, farantan kuloci na cikin giyabos su bi bayansa. Wata ranar Maris da yamma na maƙale a cunkoson Nyanya zuwa Mararaba, na ga na'urar da nake jonawa da waya tana nuna zafin man giya ya kai 118. Gabana ya faɗi. Na gangara gefen titi na mayar da giya P, na bar injin yana aiki har zafin ya sauka. Da muka duba man washegari, jan nan mai kyau ya fara komawa ruwan ƙasa, har da ɗan ƙauri.

Abin da ya ɓata min rai shi ne, wanda ya sayar min bai ce uffan ba game da ƙarin na'urar sanyaya man giya, alhali na gaya masa inda motar take da irin ranar da muke sha. Da ya faɗa, da tare zan saye su. Sai da na sake oda, na ajiye motar kusan wata guda, aka ɗaura ƙaramin lagireton mai a gaban babban, aka wanke bututai aka zuba sabon mai.

Tun daga nan ban ƙara ganin ta haura 98 ba, ko a cunkoso. Shan mai a gari dai ya ƙaru, kuma sai ka ɗan ƙara taka totur kafin ta motsa a kan tudu.

Da yau zan sake saye, mai juyi 2,800 zan ɗauka, don motar nan da ita nake zuwa aiki kullum. Mai 3,200 ta fi dacewa da wanda yake da wata motar ta zirga-zirga, Mustang ɗin kuma sai Asabar da Lahadi.