Sharhina kan asibitin da muka kai yayata a nan Damagaram

Gaskiya in don tsabta ne asibitin nan ba laifi, kuma likitan da ya fara duba yayata mutumin kirki ne, shi ya taɓa ƙullutun da ke nononta ya ce kar mu tsaya wasa, a yi ekografi, wato hoton cikin nonon, sannan a ɗebi ɗan nama a aika Yamai a auna. Daga ranar da aka ɗebi naman nan ne muka shiga uku.

Ba wanda ya zaunar da ita ya ce Hajiya ga abin da muke zato, ga lokacin da rezilta ke ɗauka, ga lambar da za ki kira. Takarda kawai aka miƙa mata da faransanci, ita ko ba ta yi lakwal ba, sai ɗanta ya ɗauka ya ga wata kalma ya buga ta a Google, kafin isha'i gida ya kaure da kuka. Don Allah haka ake sanar da mutum ana zaton yana da ciwon daji?

Mu hau kabu-kabu daga Birni tun da sassafe, mu zauna kan banci har rana ta take, manjo, wato babban masu jinya, ya ce rezilta ba ta zo ba ku dawo sati mai zuwa, ko kai ba ya ɗagawa daga rajista. A ba ka randebu ka zo a ce likita ya yi tafiya, alhali lambar salularmu na nan a kan karne, su da kansu suka rubuta ta. Ashe rezilta ta daɗe da isowa tana kwance cikin durowa, wata infirmiya ce ta ji tausayinmu ta tono ta, Allah ya saka mata da alheri. Cikin jiran nan ƙullutu ya ƙara girma, yayata ta daina barci, dangi sun fara kawo sassaƙe da saiwoyi, wasu na cewa mu wuce Kano kawai tunda ta fi kusa.

Na san ba duka ne laifinsu ba. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, wajen kilomita 900 daga nan, can ɗin ma sai 2021 aka fara gashin radiyoterapi. Amma tun 2007 gwamnati ta ce maganin kansar mata kyauta ne, wannan ma a bakin wata mai jinya muka ji shi bayan mun zubar da jikkuna wajen analis. Nisan Yamai bai hana kiran waya na dala ashirin ba wallahi.

Yanzu tana can an fara mata shimiyo, wato maganin kashe kansa da ake sa wa a jiki, Allah ya ba ta lahiya. Duk wanda zai kai nashi, ya karɓi lambar mai amsar rezilta tun ranar farko, ya sa a karanta mashi kowace takarda da Hausa kafin ya fito ofis, kuma ya tambayi zancen kyautar nan kafin ya biya a kes.