Wasiƙa Daga Rum: Shatar Awa Biyar Kafin Jirgi Ya Tashi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya tasha? Ranar nan ka tambaye ni wane irin tuƙi ne wannan da babu lodi, babu ɗan kamasho, babu jiran mota ta cika, sai layin ya katse. To ga bayanin a rubuce.

Shata ce, irin wadda ka sani, kwalliya kawai aka yi mata. Akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum, yawanci na mako guda, su tsaya Napoli, su tsaya Basalona, su dawo. Kowannensu unguwa ce guda a kan ruwa, wani yana ɗaukar mutum 5,000 ko fiye. To amma birnin Rum ba a bakin teku yake ba. Tashar tana wani gari da ake kira Cibitabekiya, wajen kilomita 80 daga nan, kusan tafiyar Kano zuwa Kazaure. A 2023 sama da mutum miliyan 3 suka bi ta wannan tasha.

Ba'amurke zai sauka a filin jirgin sama na Fiyumicino da safe, bai yi barci ba, ga akwatuna shida, jirgin ruwa kuma sai wajen la'asar zai rufe ƙofa. Yana so ya ce ya ga Rum, amma ba zai ja akwati a kan duwatsun titinta ba. Wannan tsakanin shi ne kasuwarmu. In tsaya da sunansa a kwali, in zuba kayansa a but, mu zaga gari awa huɗu ko biyar, in kai shi har gindin jirgi.

Kuɗin yakan kama Yuro 400 zuwa sama, kuma kada ka buga shi da naira, kanka zai yi ciwo. Jirgin ƙasa daga tashar Termini zuwa Cibitabekiya wajen Yuro 5 ne kacal, awa ɗaya da 'yan mintuna. Da farko na ɗauka wauta ce. Sai da na ga wanda ya hau jirgin ƙasan ya sauka, ya nemi bas zuwa bakin tasha, ya sake hawa wata bas zuwa jirginsa, yana gumi da kaya niƙi-niƙi, sannan na gane abin da suke saye. Ba ganin gari ba ne kawai. Suna biya ne don wani ya riƙe musu agogo da akwati, su kuma su saki baki suna kallo.

Tsakiyar Rum ba kowace mota ke shiga ba. Akwai yankin da suke kira ZTL, kyamara ce a kowace mashiga. In ka kutsa babu izini, babu wanda zai tsayar da kai, balle ka ce masa ranka ya daɗe. Takardar tara za ta same ka har gida bayan ka manta. Motocinmu na haya suna da rajista, shi ya sa nake iya sauke tsohuwa mai sanda kusa da inda za ta, wurin da babbar bas ba ta isa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar jagora. A nan direba daban, jagora daban, doka ce ta raba. Ina iya nuna musu gini ta taga, amma ba ni da ikon shiga Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, in tsaya ina bayani. Wannan aikin mai lasisi ne, wanda ya ci jarrabawa. Matar da muka fi aiki tare tarihi ta karanta, kuma abin da take samu a awa uku ya fi nawa na yini. Ba na jin haushi, don ta iya. Za ta tsayar da su ta ce an buɗe wurin nan a shekara ta 80 miladiyya, yana cin mutum wajen 50,000, ga inda ake fito da namun daji daga ƙarƙashin ƙasa, sai ka ga yaron da ke ta latsa waya ya ɗago kai. Ranar da ban da aiki na raka ta Fantiyon, tsohon ɗakin bautar Rumawa da ya koma coci, ta nuna mini rufinsa mai faɗin mita 43, an zuba shi kusan shekara 1,900 da suka wuce ba tare da rodi ba, ga ƙofa a tsakiyarsa a buɗe, ruwan sama yana zubowa ya bi ƙananan ramuka a daɓe ya wuce. Ina tsaye sai tsofaffin marinar Ƙofar Mata suka faɗo mini a rai, da dattawan Kurmi da za su lissafa maka fatake da hanyoyinsu tun daga Agadas, ba takarda a hannu. Baƙo ya zo, a zagaya da shi yini guda, ya miƙa na goro, a yi masa godiya har da rakiya. Ita kuwa rasit take yankawa.

Komai da tikiti. Na Kolosiyam Yuro 18 ne, da sunanka da lokacinka a jiki, kuma suna duba fasfo. Fantiyon da can kyauta ne, a 2023 suka sa masa Yuro 5. Fadar Paparoma kuwa nakan ce su haƙura da gidan tarihinta, awa biyar ba ta isa, ga shi a rufe yake ranar Lahadi in ba ta ƙarshen wata ba. Masu zuwa da gajeren wando ma a ƙofa ake mayar da su. A maɓuɓɓugar Tirebi kowa sai ya juya baya ya jefa kwabo, wai don ya sake dawowa Rum. Abin da ake kwashewa ya haura Yuro miliyan ɗaya a shekara, ana ba ƙungiyar agaji ta Caritas.

Ruwan sha ne ya ba ni mamaki. Famfunan ƙarfe sun fi 2,000 a tituna, suna zuba dare da rana, mai sanyi, kyauta. Amma baƙon da bai sani ba zai sayi gora a hannun mai talla da kuɗin da zai saya maka jakunkunan fiya wata. Kofi in ka sha a tsaye Yuro ɗaya da 'yan canji ne, ka zauna a kujerar waje ya ninka ko fiye. Jakunkunan fata kuwa, da matan ke rububi, nakan shafa in yi murmushi, don ka san fatar akuya da ta tumaki da ake jemewa a Kano, Italiya na cikin manyan masu sayenta. 'Yan sane suna nan, sun fi na Sabon Gari natsuwa, kuma sun fi su sa kaya masu kyau.

Wani iyali daga Malesiya sun ce su ba ruwansu da Tirebi, in kai su babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995. Ranar nan na yi azahar cikin jam'i a bakin aiki.

Jirgi ba ya jiran kowa, wannan shi ne tashin hankalin sana'ar. Ba kamar motarka ba ce da fasinja zai ce bari in yi alwala. Bara haɗari ya tare babbar hanya, muka tsaya cak fiye da awa guda, matar tana kuka, mijin yana duba agogo yana dubana kamar ni na kifar da tirelar. Saura minti 20 a rufe muka isa. Tun daga ranar, ƙarfe ɗaya da rabi na yi nake juya kan mota, ko ana tsakiyar ɗaukar hoto.

Kada Umma ta ji Yuro 400 ta ɗauka aljihuna yake shiga. Motar ta kamfani ce, ni albashi nake karɓa da ɗan abin da baƙo ya ga dama ya miƙo. Aikin kuma na Afrilu zuwa Oktoba ne. In sanyi ya shigo sai mu yi ta zaman kashe wando, mai gidan haya kuwa bai san sanyi ba. Kuɗin taya da ka yi magana zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda. Gobe da asuba ina da mutum bakwai daga Kanada, da keken guragu. A gaida Umma da Anti da yara.