Kafin ka zuba kuɗi a kan tsohon jirgin ruwa mai filafilai

Idan shawarata za ka bi, jirgin faibagilas, wato na roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, za ka nema. Na katako kyan ɗan maciji ne, kullum kana hidimar ruɓa. Na ƙarfe tsatsa ke cinye shi daga ciki, inda ido bai kai ba. Na alminiyom kuwa wayar lantarki ɗaya da aka haɗa ba daidai ba ta isa ta fara ɓula shi.

Faibagilas ya fara yaɗuwa ne a shekarun 1960, kuma jirage da yawa na farkon zamanin an zuba musu kauri sosai, shi ya sa har yau suke yawo a teku. Ciwonsa sananne ne: ruwa kan ratsa fatar jirgin ya tayar da bororo a gindi. Mutane na firgita da shi, amma galibi yana gyaruwa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne daɓen saman jirgi, domin sau da yawa akwai katakon balsa, wani katako mara nauyi, a tsakiyarsa. Da zarar ruwa ya bi ramin ƙusa ya shiga, katakon ya ruɓe, sama kuma tana ta sheƙi.

Nan aka cuce ni. Dillali ya ce yana da mai duba jirgi da ya yarda da shi, na amince. Mutumin ya zagaya na awa ɗaya, ya miƙo takarda mai tsabta. Bayan wata uku na taka kusa da jigon jirgin, wato dogon sandan da ke riƙe filafilai, na ji daɓen ya lotsa a ƙarƙashin ƙafata kamar katifa.

Ban hana ka bi ta hannun dillali ba, ya fi saye kai tsaye sauƙin takardu. Sai dai la'adarsa, wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce, daga aljihun mai sayarwa take fitowa, kuma sai ciniki ya faɗa. To wa yake wa aiki? Mai duba jirgi kai za ka nemo, kai za ka biya. Ka duba ko yana cikin ƙungiyar ƙwararrun masu duba jirage: a Amurka SAMS ko NAMS, a Ingila IIMS ko YDSA. A ɗaga jirgin daga ruwa, ka tsaya kana kallo yana ƙwanƙwasa jiki da ƙaramar guduma, yana bi da na'urar auna damshi. Inda ƙara ta mutu, akwai magana. A duba ƙusoshin da ke riƙe da nauyin gindin jirgi, wanda ke hana shi kifewa: a Mayun 2014 nauyin gindin wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki ya fita a tekun Atlantika, mutum huɗu suka rasu. Wayoyin da ke ɗaure da jigo kuma, in sun haura shekara 10, kamfanonin inshora da dama za su ce a canza.

Sai 'yan damfara. Suna kwashe hotunan jirgin wani su lika a intanet da araha, su ce suna ƙasar waje, wani ma na jira, ka turo kafin alƙalami. Ba a cinikin biri a sama. Ka je ka taɓa jirgin, ka gwada lambar da ke jikinsa da ta takardu, ka tabbatar babu bashin banki a kansa. Yarjejeniya kuma ta faɗa a rubuce cewa in bincike ko gwajin tuƙi ya tono babban aibi, kuɗinka zai dawo.